Tsohon mahalbi da akuyar dutse

1. Ƙasar ruwa da duwatsu

Can arewa maso yammacin nahiyar Amurka akwai wata jiha da ake kira Alaska. Ta fi ƙasar Nijar girma, amma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Da can tana hannun Rasha, sai Amurka ta saye ta a shekarar 1867. A kudu maso gabashin jihar, teku da duwatsu sun cuɗanya da juna. Ruwan teku ya kutsa tsakanin tsaunuka ya yi lunguna masu tsawo da zurfi. Duwatsu kuma sun taso tsaye daga bakin ruwa kamar bango.

A nan garin Kecikan yake, bisa wani tsibiri. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasa, sai jirgin ruwa ko jirgin sama. Ruwan saman da ke sauka can cikin shekara guda ya wuce milimetir 3500, wato ya ninka na Maraɗi wajen sau bakwai.

Cikin garin nan akwai wani tsoho mai shekara 72. Masunci ne, amma ya bar wa ɗiyarsa jirgin kamun kifi, ita ke tuƙa shi yanzu. Ban da su, abin da ya fi so a duniya shi ne farautar akuyar dutse. Tun yana ɗan shekara 18 yake yin ta.

2. Akuyar dutse

Akuyar dutse fara ce fat. Ƙahoninta da hancinta da kofatanta ne kaɗai baƙaƙe. Tana da gemu da ɗan doro bisa kafaɗa. Masana sun ce ba akuya ba ce ta ainihi kamar ta gida, dangi ne dai na nesa. Zamanta ya yi kama da na ragon dutse na Abzin, sai dai shi yana fama da rana da ƙishirwa, ita kuwa da ɗari da ƙanƙara. Ba a samun ta sai cikin duwatsun yammacin Amurka ta Arewa. Wajen rabin awakin suna cikin lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada. Babban bunsuru yakan kai kilo 120, macen kuwa wajen kilo 80.

Asirin wannan dabba cikin kofato yake. Gefen kofaton yana da tauri, tsakiyarsa kuwa taushi gare ta kamar roba. Yatsun biyu suna buɗewa su damƙi dutse. Shi ya sa take iya tsayawa wurin da bai fi tafin hannu faɗi ba, inda kyarkeci ba ya iya bin ta. Amma dutsen da ke tsaron ta, shi ne kuma yakan kashe ta. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2024 ya nuna cewa, cikin awakin wannan yanki da aka bi sawunsu har suka mutu, fiye da kashi ɗaya cikin uku rugujewar ƙanƙara ce ta halaka su.

Tun kaka da kakanni ƴan asalin ƙasar, irin su Tilingit da Tsimshiyan, suke farautar ta. Su ci naman, su sassaƙa cokali da ƙahon, su kuma kaɗa gashin su saƙa bargon buki.

Yawancin mahalba suna fita cikin Agusta da Satumba. A lokacin ƙanƙara ta narke, awaki sun hau can ƙololuwa, metir 1000 ko fiye. Mahalbi kuwa daga bakin teku yake farawa. Sai ya ratsa kurmi mai duhu, ya ƙetare manyan itatuwan da suka faɗi, ya sha ƙaya. In ya fita kurmi, sai ya tarar da gangare mai jiƙaƙƙar ciyawa da santsi. Duk wannan da jaka a baya. In ya yi sa'a ya samu, to, wahala ta ninku ke nan, domin naman a bayansa zai sauko da shi.

3. Daren da ya kwana bisa dutse

Shekarar da tsohon ya cika 70, ya fita da wani abokinsa. Suka hau, ya halbi bunsuru, suka raba kaya biyu. Suna cikin saukowa sai gwiwarsa ta dama ta yi ƙara, ya zube ƙasa. Ya miƙe, ƙafa ta ƙi ɗaukar sa. Ga magariba ta kawo jiki, ga ruwa ana zubawa. Abokin ya ɗaure masa gwiwa da ƙyalle, suka raɓa ƙarƙashin wani falalen dutse. Nan suka kwana suna makyarkyata. Washegari da jan gindi ya sauko rabin hanya. Abokin nan shi kaɗai ya yi ta kai da kawowa har ya kwashe naman.

Likita ya duba shi, ya ɗauki hoton ƙashi, ya saurari bugun zuciya. Sa'an nan ya ce masa:

— Guringuntsin gwiwar nan ya cinye. Zuciyarka ma ba kamar da take ba. Tafiya bisa fili tana da amfani gare ka. Amma hawan dutse da kaya, wannan kam ya ƙare.

Tsoho bai ce komi ba. Ya koma gida ya goge bindigarsa ya kulle ta cikin akwati. Shekara biyu bai taɓa ta ba. In Agusta ta zo, sai ya zauna bakin taga yana duban duwatsu. Ba ya son a yi zancen farauta gabansa. Ba ciwon gwiwar ya fi damun sa ba. Abin da ke cin ransa shi ne, ransa na ƙarshe bisa dutse wani ne ya ɗauki kayansa.

Wata rana jikansa, ɗan shekara 16, ya zo ya same shi bakin tagar nan.

— Kaka, ka sha yi mini alkawari za ka kai ni dutse in na girma. Ga shi na girma.

— Ka girma kam, ni kuma na tsufa. Ka yi latti da shekara biyu.

— To, ba wata akuya da ke zaune ƙasa-ƙasa, saboda tsofaffi?

Yaron da wasa ya faɗi haka. Amma maganar ta kwana cikin zuciyar tsoho.

4. Neman hanya mai sauƙi

Da safe ya ɗauki takarda da fensir. Ya ce bari ya rubuta duk hanyoyin da mutum mai raunin ƙafa zai iya bi ya kai ga akuyar dutse. Ya tambayi tsofaffin abokai, ya karanta littafin dokokin farauta, jikansa kuma ya taya shi bincike cikin intanet. Hanyoyi biyar suka samu.

Ta farko ita ce ƙaramin jirgin sama mai sauka bisa ruwa. Akwai tafkuna can bisa duwatsu, jirgin yana iya ajiye mahalbi bakin ɗayansu. Ta haka an tsallake kurmi da ƙayarsa. Amma daga tafki zuwa ƙololuwa da sauran hawa mai tsanani. Doka kuma ta hana wanda ya sauka daga jirgin sama yin halbi a ranar, sai bayan ƙarfe 3 na daren da ya biyo. Jirgi mai saukar ungulu kuwa an hana shi sam cikin farauta. In hazo ya rufe, mutum yana iya yin kwanaki bakin tafki jirgi bai dawo ba. Mai ciwon zuciya bai kamata ya yi nisa da likita haka ba. Tsoho ya ja layi bisa wannan.

Ta biyu ita ce hanyar mota. A jihar Kolorado akwai dutsen da aka yi wa hanya har sama da metir 4000, kuma awaki suna kiwo kusa da ita. Wannan tsawo ya ninka na dutsen Bagzan na Abzin, mai metir 2022, wajen sau biyu. Amma can sama iska ba ta da kauri, numfashi yana wuya, zuciya tana aiki biyu. Takardar izini kuma da ƙuri'a ake samun ta, mutum yakan yi shekaru da yawa yana jira. Tsoho ya yi dariya ya ce shi ba ya da shekarun jira.

Ta uku ita ce doki. Cikin wasu yankunan Biritish Kolombiya ana hawa dawaki har gindin ƙololuwa, su kuma ɗauko kaya. Amma baƙo ba ya farauta can sai da ɗan jagora mai lasisi, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin aljihun tsohon masunci.

Ta huɗu ita ce tsibirin Kodiyak, cikin Alaska. Da babu akuyar dutse can. A shekarun 1952 da 1953 aka kai guda 18 aka saki, suka hayayyafa har suka wuce 2000. Yawancin tuddan kudancin tsibirin ciyawa ce ba kurmi ba, ana hangen nesa. Amma tafiyar ta wuce kilometir 1000, iskar wurin tana da ƙarfi, kuma tudu ko ba itace tudu ne.

Ta biyar ita ce wadda ke bakin ƙofarsa, bai taɓa kula da ita ba. In Nuwamba ta shiga, dusar ƙanƙara takan rufe ƙololuwa ta binne ciyawa. Sai awaki su gangaro, su fake cikin manyan itatuwa kusa da gangaren duwatsu. Wani lokaci har kusa da bakin teku suke zuwa. Lokacin ne kuma na barbara, bunsurai suna yawo suna neman mata. A wurare da dama na yankin, farauta a buɗe take har ƙarshen Disamba. Mahalbi yana iya kwana cikin jirgin ruwa, ya bi lungunan teku yana duba duwatsu daga ƙasa. Da yana saurayi yakan ce wannan farautar ragwaye ce. Yanzu ya zana mata da'ira.

Ya tafi ofishin kula da namun daji. Lasisinsa kyauta ne, domin a Alaska ɗan jiha da ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin lasisin farauta. Ya karɓi takardar izini ta akuyar dutse. Ma'aikaciyar ofishin ta tuna masa dokoki. Ba a halbi daga cikin jirgin ruwa a wannan yanki, sai naƙasasshe mai takarda ta musamman. Ba a halbin akuya mai ɗa. Ba a barin nama bisa dutse ya lalace. Ta kuma bayyana masa lissafinsu. Cikin kowace akuya 100 da aka ƙirga, maki 6 ake yarda a ɗiba. Bunsuru maki 1 ne, mace maki 2. In maki sun cika, sai a rufe wurin. Dalili shi ne, macen ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 4 ko 5, kuma galibi ɗa guda take haifa.

5. Sharuɗɗa

Da ɗiyarsa ta ji labari, ranta bai so ba.

— Baba, ka manta daren nan? Mu ba mu manta ba. Har asuba muna bakin tashar jiragen ruwa muna jira.

— Ban manta ba. Shi ya sa nake roƙon ki ki kai ni, ban tafi a ɓoye ba.

Ta yi kwana biyu tana tunani. Ta je ta ga likita, likita ya ce in hawan kaɗan ne, kuma ba kaya, ana iya gwadawa. Sai ta kafa wa mahaifinta sharaɗi uku. Na ɗaya, ba zai hau fiye da metir 300 ba. Na biyu, ba zai ɗauki komi ba sai sandarsa, har bindigar ma yaro zai riƙe. Na uku, in ƙarfe 12 na rana ya yi ba a halba ba, a juyo, domin a ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa can tun wajen ƙarfe 3 da rabi.

Sharaɗi na biyu ya yi masa ɗaci. Mahalbi ne da wani ke riƙe masa bindiga? Ya haɗiye, ya yarda. Shi ma ya ƙara nasa guda biyu. Bunsuru kaɗai za a halba. Kuma ba za a halbe shi ba sai wurin da in ya faɗi za a iya ɗauko shi.

Daga ran nan ya shiga shiri. Kullum safe yana tafiya da sanda, yana hawan matakala a hankali. Yana kuma zuwa filin gwajin bindiga, domin ido da hannu su ma suna tsufa.

6. Kwana biyar cikin jirgi

Suka tashi su uku ran wata Litinin. Suka bar tsibiri suka shiga wani dogon lungun teku. Ɗiyar na tuƙi, tsoho da jika suna zaune da tabarau mai kawo nesa kusa. Hangen farar dabba cikin farar ƙanƙara ba ƙaramin aiki ba ne. Tsoho ya koya wa yaron dabara:

— Kada ka nemi fari, ka nemi abin da ya yi ruwan madara. Ƙanƙara ta fi akuya haske. Ka fara neman sawu, sa'an nan ka bi shi da ido.

Kwana na farko da na biyu hazo ne da ruwa, ba su ga komi ba. Rana ta uku sai ga akuya tsaye kusa da bakin ruwa, bai fi jifa uku ba. Yaro ya zabura.

— Kaka, ga ta nan! Ko hawa ba sai mun yi ba!

— Zauna. Dubi bayanta da kyau.

Can sai wani ɗan ƙaramin kai ya leƙo daga bayan dutse. Uwa ce da ɗanta. Suka yi ta kallon su har suka shige kurmi.

Da la'asar suka ga wata ita kaɗai, ba ɗa. Mace da namiji duk ƙaho gare su, duk gemu gare su, bambanta su sai wanda ya sani. Tsoho ya nuna wa jikansa alamu. Ƙahon bunsuru yana da kauri a gindi, yana lanƙwasa a hankali tun daga ƙasa. Na mace siriri ne, sai kusa da tsini yake karyawa baya. Lokacin barbara kuma ɗuwawun bunsuru yakan yi dauɗa, saboda tonon ƙasa da yake yi. Suka jira rabin awa, sai dabbar ta tsuguna ta yi fitsari. Bunsuru kuwa miƙe ƙafafu yake yi. Mace ce. Doka ba ta hana halbin ta ba tunda ba ta da ɗa, amma tsoho ya girgiza kai.

— Wannan maki biyu ce. In na ɗauke ta, na ɗauke ƴaƴan da za ta haifa maka.

Rana ta huɗu gari ya washe. Sai ga babban bunsuru kwance bisa wani dandamalin dutse, rana na haska shi. Tsoho ya daɗe bai ga irinsa ba. Suka duba taswira, wurin ya kai metir 450. Hanyar hawa a fili take, da yana saurayi cikin awa ɗaya da rabi zai kai. Ya dubi ɗiyarsa. Ba ta ce uffan ba, ta dai ci gaba da naɗe igiya. Ya dubi jikansa, ya ga yaron shi yake kallo, yana jira ya ga ko kakansa mai cika magana ne. Tsoho ya ajiye tabarau bisa cinyarsa.

— Ya yi nisa. Ɗora mana shayi.

Daren nan bai yi barci sosai ba. Abinci da man jirgi na kwana biyu suka rage. Rana ta biyar kuwa dusar ƙanƙara ta wuni tana zuba, ko bakin jirgi ba a gani.

7. Hawa

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. Da gari ya waye ran kwana na shida, ƙanƙara ta rufe duwatsu har kusa da ruwa. Yaro ne ya fara ganin sawu, ya bi shi da ido kamar yadda aka koya masa. Ga bunsurun jiya-waccan ya gangaro, yana cin ganye bakin kurmi. Wurin bai kai metir 250 ba.

Ɗiyar ta kai su gaɓa da ƙaramin kwalekwale, ta koma ta tsare jirgi, domin a can ruwan teku yana cika yana janyewa da metir 4 ko fiye. Ƙarfe 8 suka fara hawa. Sun ɗaura wa takalmansu haƙoran ƙarfe saboda santsi. Yaro na gaba yana fasa ƙanƙara, jaka a baya, bindiga a kafaɗa. Tsoho na biye da sanda. In ya yi taki 30 sai ya tsaya ya ƙirga numfashi 10. Gwiwa na zogi, amma ta riƙe. Sau biyu yaro ya miƙo masa hannu wurin ƙetare gungume. Na farko ya ƙi, na biyu ya kama.

Ƙarfe 11 suka kai wani tudu da ke fuskantar dabbar. Agogon yaro mai auna tsawo ya nuna metir 230. Tsakaninsu da bunsuru wajen metir 180 ne. Tsoho ya kwanta rub da ciki, ya ɗora bindiga bisa jaka. Amma bai halba ba. Bunsurun yana tsaye daf da bakin kwazazzabo. In an halbe shi nan, zai faɗa ciki, nama ya dagargaje, ba mai iya ɗauko shi.

Suka jira. Ɗari na shiga ƙashi. Ƙarfe 11 da rabi ya wuce. Yaro yana duban agogo yana duban kakansa.

— Kaka, saura minti 20.

— Na sani. In 12 ta yi, mu tashi.

Saura minti 12 sai bunsuru ya juya, ya tako a hankali zuwa wani ɗan fili mai gajerun itatuwa. Tsoho ya bari ya ba da gefe. Ya saki rabin numfashi, ya ja kunama. Harsashi guda. Dabbar ta yi taki biyu ta kwanta cikin itatuwan.

Da suka isa, tsoho ya cire hularsa ya tsaya shiru. Sa'an nan ya nuna wa jikansa zobban da ke jikin ƙaho. Zobe na farko yana fitowa ne a ɗari na biyu na rayuwar dabbar, shi ya sa ake ƙirga zobba a ƙara ɗaya. Yaro ya ƙirga 9.

— Shekara 10 ke nan, Kaka.

— Dubi haƙoransa, duk sun cinye. Shi ma hawan ya fara yi masa wuya.

8. Dako

Suka feɗe, suka yanka nama suka zuba cikin jakunkunan ƙyalle. Yaro ya goya kaya guda. Sauran suka rataye bisa itace, ɗari zai tsare shi har gobe. Saukowa ta fi hawa wuya ga mai ciwon gwiwa. Sai da duhu ya fara suka taka gaɓa, ɗiyar na jiran su da fitila.

Washegari ita da ɗanta suka koma ɗauko sauran nama da buzu. Tsoho ya ɗauki sandarsa zai bi su.

— Baba, sharaɗi na biyu.

Ya koma ya zauna. Daga cikin jirgi ya sa tabarau yana kallon su, ƴan ɗigo biyu suna hawa bisa farin dutse. Shekara 50 da ɗoriya shi ke ɗauka, wasu na jira. Wannan zama ya fi masa hawan jiya nauyi. Da ya gaji da kallo, sai ya tashi ya hura wuta, ya soya hanta da albasa, ya dafa shayi mai zafi. Da suka dawo jiƙe sharkaf da gumi, abinci na jiran su.

A gari ya kai rahoto ofis, aka rubuta maki 1. Ya raba nama ga maƙwabta da tsofaffin abokansa, kashi mafi kyau kuwa ya kai wa abokin nan da suka kwana bisa dutse tare. Gashin cikin buzu ya ba wata masaƙiya.

A tashar jiragen ruwa tsofaffi suka kewaye shi. Wani ya tambaye shi:

— Kai da kanka ka sauko da shi?

— A'a. Ɗiyata da jikana suka ɗauko. Ni shayi na dafa.

Ran farko maganar nan da ƙyar ta fito daga bakinsa. Daga baya ta riƙa fita da sauƙi, har da dariya. Bayan kwana kaɗan wani mahalbi mai shekara 68, wanda ciwon baya ya zaunar, ya zo gidansa da dare. Ya ce ya ji an ce akwai wata takarda mai hanyoyi biyar. Tsoho ya buɗe akwati ya ɗauko ta. Kafin ya miƙa masa, sai ya juya bayanta ya rubuta sharuɗɗan nan biyar, na ɗiyarsa uku da nasa biyu.

Ma'anar kalmomi

Dusar ƙanƙara: ruwan sama da ɗari ya daskarar, yana sauka fari da laushi kamar auduga.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Ƙololuwa: can saman dutse, inda ya ƙare.
Kwazazzabo: rami mai zurfi da tsawo tsakanin duwatsu.
Guringuntsi: abu mai santsi da ke tsakanin ƙasusuwa, yana hana su gugar juna.
Kunama: ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa bindiga ta tashi.
Buzu: fatar dabba da gashinta.

Tambayoyi

1. Mene ne ke sa akuyar dutse ba ta zamewa bisa gangare?
2. Ku faɗi hanyoyi biyar da tsoho ya rubuta. Don me ya bar huɗu daga ciki?
3. Me ke sa awaki gangarowa cikin Nuwamba?
4. Ta yaya ake bambanta bunsuru da mace daga nesa?
5. Ran kwana na huɗu tsoho ya ƙi hawa. Me kuke jin zai faru da ya hau?
6. Don me zama cikin jirgi ya fi masa hawa nauyi?

Lissafi

An ƙirga awaki 300 bisa wani dutse. Maki nawa aka yarda a ɗiba? In an riga an halbi mata 4, bunsuru nawa suka rage kafin a rufe wurin?

Aikin gida

Ku je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa ta unguwarku. Ku tambaye su aikin da suke yi da, wanda yanzu ya fi ƙarfinsu, da dabarar da suka yi suka ci gaba da shi. Ku rubuta abin da suka faɗa muku cikin layi goma.